Kofin Da Malachy Ya Hana A Wanke

"Ba haka ba, Attracta. Kin cusa hanci kamar mai duba ko madara ta lalace. Janye shi kaɗan, ki ɗan buɗe baki."

Na janye kofin idona na kawo ruwa, don abin ya soke ni har cikin ka. Maƙwabcina Malachy Devane yana kwance a gadon da aka sauko masa da shi falo tun da hawa bene ya gagare shi. Ciwon maƙogwaro ya cinye shi, sai ƙashi da fata, amma bakin nan nasa bai rame ba.

"Ni dai wuta nake ji," na ce. "Kuma in Fadan cocinmu ya shigo ya gan ni da wuski a hannu, kai za ka yi masa bayani."

"Alkawarin da kika ɗauka na ƙin sha ne. Ba wanda ya rantsar da hancinki."

Tun ina yarinya na yi alkawari a coci ba zan taɓa giya ba, har yau kuma ɗan bajin ƙungiyar masu ƙin giya yana maƙale a rigata. Abin da ya sa ya aiko a kira ni ke nan. Abokansa na mashaya, in ji shi, ko ruwan wanke-wanke ka zuba musu za su ce ya yi. Ni kuwa hancina bai san taba ko giya ba, kuma duk layinmu an shaida ban iya ƙaryar da za ta faranta wa mutum rai ba. Ban tabbata yabo ne ba.

Malachy ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a gaban tukwanen tagulla na matatar wuski da ke bakin kogi, inda ba a dafa komai sai tsiron sha'ir zalla. Aikinsa yanka ne. Idan ruwan ya fara zubowa, na farko ana kiransa kai, na ƙarshe wutsiya, duka ba sa shiga ganga. Na tsakiya kaɗai ake ajiyewa, kuma hanci ne ke gaya wa mutum inda zai tsaya. Ɗansa guda, Ultan, ya koyi aikin a hannunsa. Wata rana aka bar wa yaron tukunya, ya bar ruwan ya zarce inda ubansa ke yankewa. Malachy ya tsaya gaban ma'aikata ya ce masa ya cika ganga da wutsiya, ya ce hancinsa na alade ne. Ta bango na ji ƙarshen rigimar a gida. Kafin ƙarshen mako Ultan ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, kuma a can ya faɗo daga saman wani gini da suke aiki. A akwati aka dawo mana da shi.

Gangar ta yi ta kwana a rumbun matata har aka rufe wurin, sai aka ɗura kwalba ɗaya daga cikinta aka kawo wa uban. Ya sa ta bayan agogo, bai taɓa buɗewa ba. Taurin kai ne ko tsoro, ni na ce duka biyun. Yanzu da ya yarda aka buɗe ta aka zuba a kofin nan, maganin asibiti ya kashe masa hanci da harshe ƙurmus.

"Ɗauko cokalin shayi," ya ce. "Ɗiga ruwa kaɗan. Ɗigo na ce, ba wankan jariri ba. To bar shi ya huta."

Muka zauna. Ruwan sama na bin taga, garwashin murhu na ta lumshewa. Sai katakon bene ya yi ƙara sau ɗaya, irin ƙarar da yake yi idan mutum ya tsaya a tsakiyar matakala. Ba kowa a gidan sai mu biyu.

"Ultan yakan tsaya nan," in ji Malachy, bai ko juya ba. "Ba ya ƙarasowa."

"Tsohon katako ne, tsohon banza."

"Shinshina, 'yar nan."

A wannan karon wutar ta lafa. Na rufe ido. "Tuffa," na ce. "Irin wadda ta kwana a ɗakin sama har fatarta ta yamutse. Da ɓawon burodi. Da... busasshen inabi na cikin kek ɗin Kirsimeti."

"Wannan aikin ganga ne. Kowace shara ganga za ta iya yi mata kwalliya. Can ƙasa fa? Akwai warin jiƙaƙƙen tsumma? Warin kare da ruwa ya daka?"

Na nema har kaina ya fara juyawa. Ba tare da ya roƙe ni ba na kai kofin baki na jiƙa harshe, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Zafi, sai zaƙi ya biyo baya a hankali, ya daɗe bai tafi ba. Tausayinsa ya kama ni, don yadda ya kafa wa bakina ido kamar mai jiran hukunci.

"Wanne kake so in ce, Malachy?"

"In kika tambaye ni haka kin ɓata aikin."

"To ban sani ba. Abubuwa sun yi yawa a ciki, ba na iya rabewa."

Ya sauke kai kan matashi, ya daɗe yana kallon rufi. "Juye sauran a kwalba," ya ce. "Kar ki wanke kofin. Rufe shi da faranti ki bar shi ya kwana. Haka muke yi a matata. In ƙarfin ya tashi ya bar kofi, abin da ke ƙasa ba shi da wurin ɓuya. In akwai wutsiya, gobe ko yaro zai ji ta. Ki zo da safe ki gaya mini."

"In kuma kai ne da gaskiya fa?"

"To na kori ɗana kan gaskiya." Ya yi tari mai tsawo. "In shi ne, na kore shi a banza. Amma ya iya aikin. Kin gane? Ya fi ni."

A nan na san amsar da yake so, kuma na ji tsoron safiya.

Washegari na dawo daga coci na tarar da motar nas a ƙofarsa. Siobra sunanta, ita ke zuwa ta juya shi kowace safiya. Ta tare ni a baranda ta riƙe hannuna.

"Ya tafi, Attracta. Ina cikin gyara masa matashi. Ya tambaya ko kin zo."

Ban tsaya kuka ba, na wuce ta. Bisa al'adarmu in an yi rasuwa, ta riga ta tsayar da agogo, ta rufe madubi da tawul, ta buɗe taga don ransa ya sami hanya. Ta kuma tattara kwanukan jiya ta kai kicin, ta cika kwano da ruwan kumfa. Na leƙa cikin kumfar. Amma kofin yana gefe da farantinsa a kai, layi bai zo kansa ba.

Na ɗauke shi na koma falo, na zagaya ta bayan gado don kada in shiga tsakaninsa da tagar. An rufe masa ido, bakinsa kuwa a ɗan buɗe yake. Na ɗaga farantin. Ba komai a kofin sai ɗan busasshen tabo ruwan ƙasa.

Na shinshina yadda ya koya mini. Zuma ce ta fara zuwa, sai sha'ir mai ɗumi, irin ƙamshin da ke cika layinmu da safe zamanin da matata ke aiki. Na jira tsumman, na jira karen. Na sake nema, don ba zan yi wa gawa ƙarya ba. Babu ko alamarsu.

"Yaron ne da gaskiya, Malachy," na ce. "Tas yake har ƙasa."

Labule ya ɗan kumbura ya shigo ɗaki, ya koma. Na tsaya da kofin a hannu ina sauraron bene. Shiru, sai ruwan da ke ɗiga daga rufi kan dakalin taga.