Hannun da Baba Direba Ya Ɗaga

"Ni dai ba zan zuba ido a jibge mini mashaya a ƙofar gida ba," in ji Mai Bene, yana dukan teburin ɗalibai da tafin hannu. "Ina da 'ya'ya mata."

A ajin firamaren unguwa muke, manyan mutane a takure kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. Jami'in hukumar tsara gari yana tsaye gaban allo, sai duban agogo yake yi. Abin da ya tara mu shi ne tsohon siton da ke kallon shagon ɗinkina. Wani bawan Allah ne ya bar wa masallaci shi kafin ya rasu, kwamitin masallaci kuma suka ce za su zuba katifu, su gina banɗaki, ya zama makwancin waɗanda ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Hukuma ta ce a tsarinta layinmu na gidaje da shaguna ne, ba za ta canza ba sai maƙwabta sun yarda.

Liman ya ce, "Jama'a, mutanen nan ba daga sama za su faɗo ba. Suna nan a cikinmu."

Maigidana, mai kemis ɗin bakin titi, ya gyara murya. "Malam, ba aikin lada muka ƙi ba. A kai shi bayan gari mana, can akwai fili."

"Ladan ma a kai shi bayan garin?" Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya aiko mini da hararar da na san zan biya kuɗinta a gida.

Jami'i ya ce a ɗaga hannu. Masu so muka ɗaga, ba mu cika benci biyu ba. Masu ƙi suka ɗaga. Ina waiwayawa sai na hangi Baba Direba a bencin ƙarshe, cikin farar rigarsa mai goga, hannunsa a sama cak, ya fi na kowa miƙewa.

Duk wanda ya tashi a layin nan, Baba Direba ne ya kai shi makaranta a cikin bas ɗinsa, har da ni, har da 'ya'yan Mai Bene na fari. Gidan da yake haya a ciki Mai Bene ya saya, ya rushe, ya tayar da benen da ake kiransa da shi. Matar Baba ta riga ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Da aka tambaye shi ina ya koma, sai ya ce wajen wani ɗan ƙaninsa. Aka ce madalla. Amma bas ɗin tana bayan siton nan, tayoyinta sun nutse a ƙasa, an liƙe tagoginta da kwali, kuma kullum da sassafe akwai jiƙaƙƙen wuri a gefenta inda aka yi alwala. Babu wanda bai sani ba. Kowa ya zaɓi ya yarda da ɗan ƙanin, don ya fi arha.

Washegari ya zo shagona kamar yadda ya saba, ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki. Ban ko amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Baba, me ka yi jiya?"

"Abin da kowa ya yi."

"Kai kowa ne? Don wa Liman yake ta kashe bakinsa?"

Ya dubi keken ɗinkin ya ce, "'Yata, da na ɗaga a wancan ɓangaren, duk ajin sai ya juyo ya kalle ni. Ni da na share musu majina a mota, in shiga layi su miƙo mini bargo?"

"To a motar fa, wa yake miƙo maka?"

"Motata ce. Ba ta kowa ba."

Na ce ya dawo ɗakin baƙinmu. Ya ce shi yana da 'ya, kuma tana da gida. Na ce to bari in kira ta. Ya ce in na kira ta, ƙafarsa da shagona har abada. Na ji kamar in jefe shi da almakashi.

Cin nasara bai ishi Mai Bene ba. Ya haɗa kan masu gidaje suka koma hukuma, wai tsohuwar motar bayan sito mattarar ɓata-gari ce. Maigidana yana cikinsu. Da rana tsaka motar janwe ta zo, Baba yana masallaci. Na fito da tsumma a hannu ina ce musu akwai kayan mutum a ciki. Yaron motar ya wurgo mini leda ɗaya ta taga, suka ja bas ɗin tana kukan ƙarfe har suka sha kwana. Mai Bene yana saman benensa yana kallo.

Baba ya dawo ya tsaya a wurin. Babu komai sai baƙin mai a ƙasa da ciyawar da ta yi fari don rashin rana.

"Dama na so in sayar da ita," ya ce, ya karɓi ledar.

Damina ce a lokacin. Na neme shi na rasa, kusan mako, ashe a barandar makarantar nan yake kwana, ruwa na feso shi. Da na same shi tari ya riga ya sauka ƙirjinsa. Wannan karon ban ce masa alfarma ba. Na miƙa masa makullin shago na ce ɓarayi sun dame mu, ina neman mai gadi.

Ya juya makullin a hannunsa. "In aiki ne, zan yi."

Asibiti kam ya ƙi. Maigidana ya riƙa aiko masa da magani kyauta, na ce masa, "Ka rushe bango, kana rabon laima." Tun ranar muka koma gaisuwa kawai.

Ranar da zai rasu, bayan azahar, yana kujerar nan yana ba ni labarin yadda na taɓa yi masa amai a kujerar gaba, wai ya yi wata yana jin warin. Ya yi dariya, tarin ya sarƙe shi, ya lafa. Na ci gaba da taka keke. Da na kai ƙarshen kalmasa na ɗago, kansa ya jingina da dilar yadi, bakinsa a ɗan buɗe. Na kira shi, na sake kira. Sannan na kashe fanka, ban san dalili ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai aka rasa inda za a zauna karɓar gaisuwa, don mamaci ba shi da ƙofar gida. Aka jera kujeru a inuwar siton, ƙarƙashin ƙaton kwaɗon da ke ƙofarsa. Mai Bene ne a kujerar tsakiya, yana share ido.

"Mutumin kirki. Da ya faɗa mana halin da yake ciki, ai da ba a yi haka ba."

Na tsallaka titi har gabansa. "Alhaji, daga saman benenka ba a hango bayan sito? Ranar janwe kam ka hango."

"Ke, shiga gida," in ji maigidana.

"Gida? Ai mu muna da shi."

Liman ya sunkuyar da kai.

Sai washegari da la'asar 'yar Baba ta iso, da goyo a baya, ba ta samu jana'iza ba. Ta gaisa da mutane, ta yi kukanta, sannan ta juyo.

"Ina ɗakin nasa? In shiga in haɗa kayansa."

Mazan suka shiga kallon takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Na kama hannunta na ja ta zuwa shago, na ɗauko ledar daga ƙarƙashin tebur na ba ta. Ta dube ni, ta dubi tabarmar da ke naɗe a bayan ƙofa.

Ta zauna a dokin ƙofa ta buɗe ledar a cinyarta. Reza, kofin roba, riguna biyu, da tabarau mai ƙafa ɗaya. Yaron da ke bayanta ya miƙo hannu yana son tabaran. Ta kawar da shi a hankali, ta huci gilashin, ta shiga goge shi da bakin mayafinta.