Kurumtar Ndaliman

Ranar da nakiya ta tashi ba shiri a wurin fasa dutsen da Ndaliman ke aiki a bayan garin Minna, a shekarar 2012, shi yana can nesa yana cin ƙosai. Amma da ya ji an ce akwai hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya samu rauni, sai ya wayi gari kurma. Likita ya tafa masa hannu a kunne, ko ƙiftawa bai yi ba. Aka fara biyansa wata-wata.

Sai dai kurumta a unguwar Kpakungu ba ƙaramin aiki ba ne. Matarsa Safara'u, wadda bai gaya wa gaskiya ba saboda bakinta ba ya riƙe magana, ta samu sake. Tana zuba masa tuwo tana murmushi tana cewa, "Ci, maigida, ci. Mai rowar tsiya, kai kamar tulu." Shi ma ya yi murmushi ya gyaɗa kai. A majalisa kuwa, a gabansa ake lissafa aibobinsa har da na kakansa. Duk ya shanye. Rediyonsa ma sai ya shige banɗaki yake kunnawa ƙasa-ƙasa.

Wata Talata hukumar ta turo jami'arta, Madam Elizabet, ta duba yadda yake. Ta same shi a ƙofar gida tare da maƙwabcinsa Shekwolo, abokin wasansa na dara. Ta kira sunan Ndaliman daga baya, ta yar da makullai, bai motsa ba. Har ta rataya jakarta za ta tafi, ta tambayi Shekwolo ko mutumin kirki ne.

"Babu laifi, Madam," in ji Shekwolo. "Kai ne dai babu. Ko a dara kullum ni nake cinye shi."

Ndaliman ya miƙe zumbur. "Ƙarya kake, Shekwolo! Yaushe ka taɓa cina? Ranar Lahadi wa ya ci wa?"

Madam Elizabet ta sauke jakarta, ta koma ta zauna. Daga cikin gida aka ji faɗuwar ludayin Safara'u.

A kotu mai shari'a ta same shi da laifin yaudarar hukuma. Ta umarce shi ya mayar da duk abin da ya karɓa, sannan ya biya tara ko ya yi wata shida a gidan yari. Kuɗin kuwa tuni sun zama babur da shadda. Aka sayar da babur ɗin, bai kai ba, aka tasa ƙeyarsa.

Abin bai tsaya a kansa ba. Hukumar ta dakatar da biyan sauran ma'aikatan wurin har sai an sake gwada kowa. A cikinsu akwai Ndako, wanda nakiyar ta tashi dab da shi, kunnuwansa duka biyu suka mutu da gaske. Sai da ya shekara yana zarya kafin a ci gaba da biyansa.

Yana cikin wannan zaryar, Ndako ya je gidan yari takanas, ya tsaya yana zazzaga wa Ndaliman zagi da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har gandirobobi suka taru. Ndaliman ya durƙusa yana ta cewa, "Ka yafe mini, ɗan'uwa, don Allah ka yafe mini."

Ndako ya dubi gandiroban da ke kusa da shi. "Me yake cewa? Ramawa yake yi, ko?"