Kifin da Ba Ya Gudu

Sa'adiyya ɗaliba ce mai bincike kan lafiyar ruwa. Aikinta shi ne ta karɓi kifi daga tafkuna, ta feɗe shi, ta duba hantarsa da ƙwaƙwalwarsa, domin guba kan bayyana a jikin kifi tun kafin ruwa ya sauya launi. Da hantsi ta baro Yalwawa da kula cike da ƙanƙara, ta nufi wani tafki a bayan Aujara.

A bakin ruwan ta tarar da Malam Yahuza, tsohon masuncin da mai unguwa ya haɗa ta da shi. Ba koma a hannunsa, ba ƙugiya. Da ta tambaya, sai ya yi murmushi ya ce tun farkon rani ya daina wahalar da kansa.

Ruwan garau yake, har tana hango yashin ƙasa. Sai dai wurin ya yi tsit. Ba kukan kwaɗo, ba tsuntsu ko ɗaya a kan ciyawa, ko sauro bai taɓa ta ba.

Tsohon ya naɗe wando ya shiga iya gwiwa, ya tsaya cik. Can sai ga tarwaɗa suna tasowa sannu a hankali, baki buɗe. Suka kewaye ƙafafunsa. Ya sunkuya ya ɗauki guda kamar mai tsintar mangwaro. Ba ta ko motsa jela ba.

"Kin gani, 'yar nan? Da kansu suke zuwa. Wasu na cewa mutanen ruwa ne suka yarda da ni."

Sa'adiyya ta karɓi kifin, ta ji yana wata irin kyarma ƙasa-ƙasa a tafinta. Da ta feɗe shi kan faranti, hantar ta kumbura ta yi fari-fari. Malam Yahuza ya miƙo na biyu, a nan ta lura yatsunsa ma rawa suke, gumi na tsattsafo masa alhali yana cikin ruwa.

"Baba, kuna cin kifin nan a gida?"

Ya ce kullum. Abin da ya samu a sauƙaƙe kuwa ba ya sayar da shi duka, yakan raba wa maƙwabta sadaka, musamman masu jego.

Ba ta jira sakamakon gwaji ba. Ta koma wurin mai unguwa ta roƙe shi ya hana kamun kifi da shan ruwan. Ya amsa, amma da sanyin jiki.

A ɗakin gwaje-gwaje a Dutse, ƙwaƙwalwar kifin ta nuna abin da take tsoro: maganin ƙwari ne mai kashe jijiya. Da aka bi sawu, aka gano masu noman rani na wanke tankunan feshinsu a wata 'yar ƙorama da ke malalowa cikin tafkin. Aka hana.

An kwantar da Malam Yahuza a asibiti, ya samu sauƙi, ko da yake har yanzu sai ya riƙe kofin shayi da hannu biyu. Da Sa'adiyya ta je dubiya, ya yi mata godiya, sannan ya sassauta murya ya ce kafin a kawo shi ya leƙa tafkin. Ba wanda ya shiga ruwan, amma kifayen sun jeru a gaɓa, kawunansu waje, suna kallon hanyar gari.