Ƙwallon Da Ban Ba Kogi Ba

Saura kaɗan in bar wannan labarin a cikina. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma mutanen garinmu sun ba da shi iri-iri, har wasu na cewa kuɗi na hango, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Sunana Noemi. Tun rasuwar mahaifiyata nake zaune da yayanta, Kawu Rigoberto. Ina aikin gyaran ɗakuna a otal ɗin bakin gada, inda ƙungiyoyin baƙi ke sauka in sun zo karawa da ƙungiyarmu a wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda.

Filin wasanmu yana jingine da kogi. Bayan katangar can ƙarshe akwai bencina na katako, bayan bencinan kuma sai ruwa. Al'adarmu ce tun kafin a haife ni: in ɗan wasan baƙi ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, wanda ya cafe ta zai hau benci na sama, Kawu ya kaɗa ƙararrawarsa ta wuyan saniya, a wurga ta kogi. Ba a taɓa fashi ba. Kawu kan ce cikin kogin nan akwai girman kan mutane da yawa.

Ran Lahadin nan da rana, wasa na ƙarshe da baƙin, bencina sun cika maƙil saboda Wendell Varnado. Ya haura shekara arba'in, bai taɓa daɗewa a babbar gasa ba, amma a ƙaramar gasarmu bugu ɗaya ya rage masa ya wuce kowa a tarihin tsallake katanga. Tun da safe Kozlowski mai sayar da taya yake cewa yau tarihi zai koyi iyo.

Ni na san Varnado ta wata hanya. Ni ke gyara ɗakinsa. Kowace safiya nakan tarar da bahon wanka cike da ƙanƙarar da ta narke, da bandeji na gwiwa a rataye. Shi yake gyara gadonsa da kansa. Sau ɗaya muka haɗu a matakala, yana sauka da baya yana riƙe da ƙarfe, ya ce in wuce, shi sai gobe zai kai ƙasa.

A zagaye na shida ya buga. Ƙarar sandar ma daban take. Mutane suka miƙe, hannaye suka yi sama, ni kuwa na sunkuya na rufe kaina. Ƙwallon ta daki bencin gabana, ta yi tsalle ta faɗa cikin jakar masarar da ke kan cinyata.

Da na ɗago, kowa ni yake kallo. Can ƙasa Varnado yana zagaye filin yana ɗingishi, ya cire hular kwanonsa, yana duban wajenmu.

Kawu ya kaɗa ƙararrawa, fuskarsa cike da murna. "Tashi, ɗiyata. Yau gidanmu ta zo."

Aka fara rera kogi, kogi, ana buga ƙafa a katako har bencin na rawa a ƙarƙashina. Na miƙe, na hau benci na sama kamar yadda na ga ana yi. Kogin ya yi ja saboda ruwan saman da aka yi a makon. Ƙwallon tana da ɗumi, da baƙin tabo inda sanda ta same ta. Na ɗaga hannu, hannun ya ƙi.

Na sauko na koma wurina na zauna.

Waƙar ta mutu a hankali. Wata mata ta ce wai kunya nake ji, a sake min waƙar. Aka sake. Ban motsa ba.

Kozlowski ya ratso mutane ya tsaya a kaina, yana warin giya. "Rigo, 'yar taka ta shanye ne? Ko tsohon ɗan wasan ya yi mata alkawarin aure?"

Aka yi dariya. Ya miƙo hannu ya ce in kawo, shi zai taimaka min. Na tura ƙwallon cikin rigata na naɗe hannuwana a kai. Sai ya kama min tsintsiyar hannu. Yatsunsa kamar filaya.

Kawu ya sa ƙararrawar tsakaninmu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Kozlowski ya fi kowa sanin doka, wanda ya cafe shi ke jefawa, ba a taɓa ƙwace wa ko yaron goye ba, kuma in bai cika ni ba yau kogi zai karɓi abin da ya fi ƙwallo nauyi. Kozlowski ya sake ni, amma bai matsa ba.

Kawu ya durƙusa a gabana, ya yi ƙasa da murya.

"Noemi, mutanen nan su suka ɗauki gawar uwarki. Da su nake zama tun ina saurayi. Jefa ta, mu huta."

Na ce, "Ba zai iya buga wata ba, Kawu."

Ban san ko ya ji ba. Ya koma wurinsa ya ajiye ƙararrawar a ƙasa.

Zagaye uku suka rage, kuma na zauna su duka, don hanyar fita ta tsakiyar mutane take. Wani ya watsa min giya a baya. Ɓawon gyaɗa ya yi ta sauka a gashina. Yara biyu suka zauna a bayana suna raɗa kogi, kogi, har aka tashi. Babu wanda ya yi wa Kawu sallama. Da muka samu fita, motar baƙin ta riga ta kama hanyar garin da za su yi wasa na gaba.

A gida Kawu bai ci abinci ba. Na fito da ƙwallon na ɗora a kan teburin kicin. Man masara da gumina sun ɓata ta, sai na jiƙa tsumma.

"Kada ki goge," in ji shi daga bakin ƙofa, bai ko dube ni ba. "Tabon nan shi ne shaidar. Ba a goge irin wannan."

Iyakar maganar da ya yi min ke nan a daren.

Washegari na kira otal na ce ba zan zo ba. Na sa ƙwallon cikin safa mai tsabta, na bi ta bayan gari don kada in wuce shagon taya, na hau motar farko mai zuwa inda Varnado yake.