Hannun Maame Araba

Maame Araba ta warke daga kuturta tun 'yarta Ewurabena tana goye, amma cutar ba ta tafi hannu rabbana ba. Ta ɗauke mata yatsu uku na dama, ta lanƙwashe sauran, ta kuma kashe mata jin taɓawa daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Da waɗannan hannuwan take ƙunsa dokunu, wato tuwon masara mai tsami, a busasshen ganyen ayaba, maƙwabciyarta ta kai bakin hanyar garin Mankessim ta sayar, don masu saye suna son dokunun amma ba sa son ganin mai yinsa. Da haka ta rene yarinyar bayan rasuwar mijinta, har ta zama malamar makaranta.

Turanci kuwa ba ta ji, in ban da kalma guda da ta haddace a asibitin kutare. Duk wata sai nas ta ce ta rufe ido, ta riƙa dangwala mata tsinin biro a tafin hannu tana tambaya, "Fil? Fil?" wato ko ta ji. Ita kuma ta girgiza kai. Ranar da aka kawo mata labarin mutuwar mijinta, nas ɗin nan ta dafa kafaɗarta ta yi mata tambaya da wannan kalmar dai, wannan karon tana nuna ƙirji. Nan Araba ta gane cewa da kalma ɗaya Turawa suke tambayar fata da zuciya.

Ranar da dangin Kobina, saurayin Ewurabena, za su kawo kayan neman aure, tun da safe gwaggonsa Anti Dorcas ta zo duba shiri. Tsohuwar shugabar makaranta ce, mai tabarau da sarƙa a wuya. Ta tsaya bakin madafa da Egya Ato, yayan Araba, wanda a gidansa za a yi taron. Araba tana ciki tana fifita gawayi. Da harshen Fante suka fara magana, sai Anti Dorcas ta leƙo, ta ga ko wace ce a zaune, ta juya harshe zuwa Turanci. Cikin ruwan maganar Araba ta tsinci kalmarta, ta kuma ga yayanta ya sunkuyar da kai.

Bayan matar ta tafi ta ce, "Yaya, me ta ce?"

"Cewa ta yi kin sha aiki, gara ki huta a ɗaki in baƙi sun zo."

"Na ji kalmar asibiti a bakinta. Faɗa mini yadda ta faɗa."

Ya sosa ƙeya. "Ta ce manyan mutane ne za su zo, kuma kin san dole a bi layi a gaisa hannu da hannu. Ta ce in an ɓoye ki ba komai, ai ke ba kya ji."

"Kai kuma ka ce mata me?"

"Araba, auren yarinya nake dubawa. Kar mu ɓata rawarmu da tsalle."

Ta sauke tukunya, ta yi wanka, ta ɗaura farin zanen da ta ajiye don wannan rana. Ewurabena ta shigo ta same ta tana fama da ɗaurin kallabi, ta karɓa ta ɗaura mata.

"Mama, na ji abin da Kawu ya ce. In kin zauna a ɗaki, ni ma ba na fita."

"Wa ya ce miki zan zauna? Ja mini nan, ya yi sako-sako."

Da baƙi suka iso, sai ga Araba a kujerar farko ta hannun dama, inda gaisuwa take farawa. Egya Ato ya harare ta, ta kau da kai. Anti Dorcas ce a gaban layi. Ta yi murmushi, ta ɗan rusuna, ta yi niyyar wucewa wurin na biyu. Araba ta miƙa hannu ta tare hanya.

Mutanen da ke baya suka fara leƙe.

"Anti, sannu da zuwa," in ji Araba. "Ni ce uwar yarinyar. An ce kin ce ba na ji. Wane jin kike nufi? In na hannu ne, gaskiyarki, ko allura kika soka ba zan sani ba. In ɗayan ne, da sauransa, kuma tun safe yake aiki."

"Maame, ba a fahimce ni ba ne."

"To ga dama ta samu, a fahimce ki. Cutar ta mutu tun kafin ɗanku ya yi haƙori. Ni ba zan ji hannunki ba, ke ce za ki ji nawa. Kuma wannan hannun ne ya ciyar da wadda kuka zo nema."

Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Dorcas, ki gaisa mana, ƙafafuna sun gaji."

Anti Dorcas ta miƙo kan yatsu. Araba ta ɗora ɗayan hannun a kai ta riƙe, ta tambaye ta hanya, da mutanen gida, da lafiyar jikoki, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta saki. Mahaifin Kobina ya biyo baya ya kama hannun sosai ya girgiza. Wasu suka yi kamarsa, wasu suka taɓa suka janye kamar sun taɓa murfin tukunya. Ba wanda ta bari ya tsallake.

Aka gabatar da kaya, aka tambayi Ewurabena ko a karɓa, ta ce a karɓa. Anti Dorcas ba ta tsaya cin abinci ba, ta ce kanta na ciwo. Egya Ato kuwa ya daɗe ba ya amsa gaisuwar ƙanwarsa da kyau.

Da yamma ana tattara kujeru, Kobina ya zo ya durƙusa gabanta zai ba da haƙuri. Ta ce ya tashi kar ya ɓata wandonsa.

"Gwaggonka ba ta kashe kowa ba," ta ce. "Tsoro ne kawai. Ka gaya mata ranar ɗaurin aure a coci ma a layin gaba zan zauna, ta zo da shirinta."