Mai Jinyar Gado Na Tara

Sista ba ta ɗaga murya ba. Da biro kawai ta nuna masa ƙofa ta ce, "Malam, nan ɗakin mata ne. Mai jinya mace. Maza daga ƙarfe huɗu zuwa biyar."

Yaya yana tsaye da jakar Umma a kafaɗa, filo biyu a hammata. Ƙato ne, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ya tare haske, amma a safiyar Litinin ɗin nan sai na ga ya ƙanƙance. Ya ce, "Sista, ai ni ne mai jinyar tata. Wata bakwai ke nan."

"Allah ya ba da lada. Ba ta da 'ya mace?"

Duk suka juyo suka kalle ni, har da matar gado na takwas da ko gaisawa ba mu yi ba.

Mu biyu Umma ta haifa, Yaya da ni. Wata bakwai da suka wuce ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta koma ɗaiɗai. A lokacin kamfanin sanyaya kaya da Yaya ke yi wa lodi bai daɗe da rufewa ba, sai ya ɗauke ta ya kai ta gidansa. Matarsa malamar makaranta ce, yanzu haka cikinta wata takwas, ko takalminta ba ta iya sunkuyawa ta ɗauka. Shi yake komai. Duk awa biyu ya juya Umma, ya sa filo tsakanin gwiwoyinta. Ya lulluɓa mata zane ya goge mata jiki ta ƙarƙashi, idonsa a bango. Farko ta yi ta kuka, daga baya ta saba, har in ya makara takan buga ƙarfen gado da zobenta.

Babban abin shi ne ciyarwa. Maƙogwaronta ya lalace, in aka yi kuskure kaɗan abinci ya bi hanyar numfashi. Yaya ya san rabin ƙaramin cokali take iya ɗauka, ya san yadda ake karkata mata haɓa, ya san ana jira sai an ga wuyan ya motsa sau biyu. Da aka kwantar da ita saboda ciwon ƙirji, likita ya duba bayanta bai ga gyambo ko ɗaya ba, ya ce, "Wace ce ke kula da ita? Gaskiya ta iya aiki." Yaya yana tsaye a gabansa.

Ni kuwa gilashin tabarau nake yankawa. Shekara tara ina gaban injin nan, ina goge gefen gilashi har ya zauna daram a firam. Maza uku na koya wa aikin da hannuna, ukun duka aka ɗora su a kaina, suka yi gaba. Sai bana aka ba ni shugabancin ɗakin inji, shi ma na gwaji, wata uku. Ranar da Manaja ya miƙo min takardar ya ce, "Kin yi namijin ƙoƙari. Amma kin san matsalarmu da mata, ba sa daɗewa. Ko haihuwa, ko jinya." A takardar an rubuta ɓaro-ɓaro: wanda ya yi fashin fiye da kwana uku a lokacin gwaji, kujerar ta koma hannun na bayansa. Saura min mako biyar. Likita kuma ya ce Umma za ta yi aƙalla mako uku a gadon nan, in an ci sa'a.

Ƙarfe huɗu Kawu ya zo, ƙanen Umma, tare da Goggo. Goggo gwiwoyinta sun daɗe da gaza mata, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. A kan bencin baranda suka zaunar da mu kamar waɗanda suka yi sata.

Kawu ya ce, "Wannan doka ta asibitin ta yi min daidai. Abin da na kasa faɗa ne Allah ya faɗa. Ƙato da kai, da gemu, kana wanke tsumma. Ana tambayata a masallaci me kake yi yanzu, sai in ce kana ɗan taimaka wa mata a gida."

Na ce, "Waɗanne mata, Kawu? Shi kaɗai ne fa."

"Da ke nake?"

Ya sake juyawa kan Yaya. "Tsaranka suna can suna fafutuka. Kar ka bari a ce ka rako maza duniya."

Yaya yana murza igiyar jakar Umma a yatsansa. Wallahi da ni ce da na fashe, amma shi sai ya ce, "To, Kawu."

Goggo ta juya akalar magana zuwa kaina. "Ke kuma Auta, ba miji, ba ɗa, me kike tsarewa a can? Wata bakwai baiwar Allah nan tana kwance ba ta da kowa."

"Ba ta da kowa? Goggo, ga shi nan zaune!"

"Ai namiji ne. Jinya ta 'ya mace ce. Hannun mace daban ne, an halicce shi da tausayi."

Na kalli hannuna. Hannun nan ya san bambancin gashin kai ɗaya a gefen gilashi, amma da safen nan da na gwada juya Umma sai da ta yi ƙara, na kusa gurɗe mata kafaɗar da ta shanye. Ina son uwata, Allah shi ne shaida. Amma ban iya ba, kuma ina jin tsoro, kuma ina son aikina. Duk ukun gaskiya ne, sai dai ba wanda za a faɗa a kan bencin nan a kwashe lafiya.

Talata na ce bari in yi dabara. Na samo wata mata mai aikin jinya, dattijuwa mai tsafta, ta ce ta yi shekara goma tana wannan aikin. Yaya ya tsaya da ita a bakin get ya yi mata bayani har sau uku, tana cewa, "Haba ɗan nan, ni za ka koya wa ba da abinci? Na yi goyo bakwai." Na kama hanyar aiki da gudu.

Ƙarfe sha ɗaya, ina tsakiyar saita inji, waya ta yi ƙara. Umma ta ƙware. Cikakken cokali matar ta ɗura mata, ta bi da na biyu. Sai da nas-nas suka sa roba suka zuƙo abin daga maƙogwaronta. Na cire rigar aiki.

Manaja ya tare ni a bakin ƙofa. Ba mugu ba ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Uwa ai ba wasa ba. Amma rabin yini fashi ne a wurinmu, kin sani. Jiya ɗaya, yau biyu."

"Ranka ya daɗe, shekara tara ban taɓa fashi ba."

"Na sani. Ki je gobe ma, ki daidaita komai. Alhamis ƙarfe takwas in na ga injin nan a kunne da hannunki, shi ke nan." Har na juya ya ƙara da cewa, "Ba ki da 'yar'uwa ne?"

"Ina da wa."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka ba shi amsar da ba ita ya tambaya ba.

Na samu Umma da robar iska a hanci, leɓenta ya bushe. Dattijuwar ta tattara kayanta ta gudu. Tun daga lokacin Umma ta datse bakinta, ko ruwa nas ta kawo sai ta kau da kai. Sai ƙarfe huɗu da aka buɗe wa maza ƙofa Yaya ya shigo, ya wanke hannu, ya zauna a gefenta na hagu. Haɓarta kawai ya taɓa da yatsa biyu, ta buɗe baki. Cikin awa ɗayan nan ya ba ta cokali goma sha huɗu, ya juya ta, ya gyara zanen gadon da ya naɗe a ƙarƙashinta. Matan ɗakin suna ta jan mayafi suna kallonsa ta wutsiyar ido. Ƙarfe biyar aka kaɗa ƙararrawa.

Laraba da safe na sami Sista a teburinta. Na yi niyyar lallashi, amma bakina ya riga ni.

"Sista, kin gani da idonki. A hannunsa kawai take ci. Wace irin doka ce za ta kashe mutum da yunwa?"

Ta ajiye biro. "Zauna. Kin ga matan nan goma sha biyu? Akwai wadda aka yi wa aiki a ciki, ba ta iya rufe jiki. Akwai mai fitsari a kwano. In na bar yayanki ya yini a nan, kafin la'asar mazajensu sun cika min ofis. Ke za ki tare min su?"

"A sa labule."

"Labule biyu gare ni, ɗaya ya yage."

"Ɗakin gefe fa?"

"Akwai mutum, kuma akwai layi."

"To mu tafi da ita gida."

"Da wannan ƙirjin? Ki sa hannu a takarda cewa ke kika ɗauke ta, in cire mata iskar."

Ta dube ni, muryarta ta sauka. "Ni ma na ga yadda yake yi. Da nas-nas ɗina sun kai shi natsuwa da na huta. Amma ba ni na kafa dokar ba. Ki zauna ki koya, mace ce ke, kwana biyu za ki iya."

Saura abu ɗaya nake jira, Umma da kanta. Na ce in ta buɗe baki ta ce ɗanta take so, zan tsaya a kan maganar ko gaban shugaban asibitin ne. Da la'asar Kawu da Goggo suka dawo, Yaya yana ba ta abinci, na durƙusa a kunnenta na ce, "Umma, wa kike so ya zauna da ke? Faɗa musu."

Ta daɗe tana haɗa maganar. Idonta ya tsaya a kan Yaya, ruwa ya taru a ciki. Ta kalli Kawu. Sannan ta ɗora hannunta mai lafiya a kan nawa.

"Ke," ta ce. Ta ja numfashi, ta juya ga Yaya. "Kai... nemi aiki. Mutane... magana."

Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi! Yau dai ta samu mai jinya."

Yaya bai ajiye cokalin ba. Ya jira wuyanta ya motsa sau biyu, ya goge mata baki, ya ba ta na gaba. Ni dai na ji haushin kowa a ɗakin nan, har da ita, Allah ya yafe mini. Na san kunya ce ta yi magana da bakinta. Wata bakwai tana kwance tana jin abin da masu dubiya ke faɗa a kan ɗanta, suna zaton kunnen ma ya shanye.

A baranda na ce masa, "Yaya, ka yi magana mana! Sai ka ce an ɗinke maka baki."

"In ce me, Auta? In ce ina son aikin? Wa zan gaya wa ya fahimta?" Ya miƙo min ƙaramin cokalin. "Gobe ki tafi aikinki. Zan san yadda zan yi."

"Me za ka yi?"

Ya juya ya nufi get.

Alhamis ƙarfe bakwai na yi wanka a banɗakin masu jinya, na sa kayan aiki, har na rataya jaka. Umma tana kallona. Tun biyar na yammacin jiya ba abin da ya shiga cikinta, ga ƙwayoyin safe a kan tire suna jiran a murƙushe su a abinci. Nas ɗaya ce a ɗakin, tana can tana fama da mai gado na biyu. Na ajiye jakar. Na ce cokali biyar kawai, in na yi sauri zan iya samun mota.

Gadon Umma yana jikin taga. Ina zama na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Yaya ne, ya zagayo ta bayan ginin, yana tsaye cikin ciyawa kusa da kwata, ya kafa fuskarsa a tsakanin ƙarafan tagar.

"Koma hagunta," ya ce a hankali. "Rage, ya yi yawa. Rabi. Yawwa. Sauke mata haɓa, kar ki ɗaga. Jira. Kar ki yi sauri, Auta, jira."

Ta haɗiye. Wuyan ya motsa sau ɗaya, na ƙirga, ya sake motsawa. Na ɗebo na biyu. Agogon bango ya ce takwas saura kwata. Cokali na uku ya zube a gefen bakinta. Na huɗu ya shiga. Takwas daidai wayata ta fara rawa a cikin jaka, ta yi ta katse, ta sake farawa.

Sai na ji muryar maigadi daga waje. "Kai! Kai malam! Me kake leƙe a ɗakin mata? Ba ka jin kunya, ƙato da kai?"

Matar gado na takwas ta yi salati ta ja bargo. Na ga hannu ya damƙi wuyan rigar Yaya ta baya. Na yunƙura zan tashi, zan ce ɗanta ne, ku sake shi, amma cokalin yana cikin bakin Umma, kuma ba ta haɗiye ba.

"Kar ki tashi!" Yaya ya ɗaga murya, ana jan shi yana waiwaye. "Kalli wuyanta! Kar ki kalle ni, wuyanta za ki kalla!"

Na koma na zauna. Na zuba wa wuyan Umma ido ina jira ya motsa.