Kalmar da Pak Darsono Ya Ɗora wa Kansa

Shekara ashirin da shida Pak Darsono ya yi yana koyar da harshen Jawa a firamaren ƙauyensu da ke tsibirin Jawa, da alli da allo kawai. Ladabin magana aka san shi da shi. Kullum yana nanata wa yara cewa idan babba zai koma gida, sai a ce zai "kondur". Amma in kai ne za ka koma, "wangsul" za ka ce, ko da kai ne mai gari, don mutum ba ya girmama kansa da bakinsa.

Da shugabar makaranta, Bu Ratri, ta ce kowane malami ya riƙa ɗaukar bidiyon darasi a waya yana turawa zauren iyaye na WhatsApp, sai ya shiga kawo uzuri, yau ciwon ido, gobe ba caji. Ta yi masa haƙuri wata biyu, sannan ta ce ran Alhamis take son ganin nasa.

Ran Alhamis ɗin, bayan an tashi yara ya jingina wayar da kwalbar ruwa. Bai taɓa jin tsoron aji ba, amma ɗan baƙin idon kyamarar nan ya rikita shi. Ya karanto darasin a guje, ya yi sallama, ya tura bai saurara ba. Sai da ya isa gida, matarsa Sumi ta zuba masa shinkafa ta kunna a tata wayar, sannan ya ji muryarsa tana sanar da iyaye cewa yanzu shi zai "kondur".

"Sannu da sauka, ranka ya daɗe," in ji Sumi tana danne dariya. "In kira makaɗa ne, ko a haka za ka ci?"

Ya lalubo saƙon ya goge, bai san daga wayarsa kaɗai ya goge ba.

Ran Asabar a kasuwa ya yi kiciɓis da Mbah Harjo, tsohon da ya koya masa harshen tun yana yaro, wanda jikarsa Laras ke ajinsa yanzu. Ya sunkuya ya kama hannun tsohon ya kai shi goshinsa don girmamawa. Mbah Harjo ya tambayi lafiyar gida, sannan ya ba shi labari a hankali: jiya Laras za ta bar gidansa ta ce ita za ta "kondur". Ya gyara mata, sai ta ɗauko wayar uwarta ta kunna masa malaminta har sau uku.

"Na ce ko kunnena ne ya tsufa," in ji tsohon. "Ko an sauya ƙa'idar ne ban ji ba, Dar? Ku ne masu waya yanzu."

Pak Darsono ya so ya ce laifin wayar ne, amma ya san bakinsa ne ya faɗa. Yara talatin da huɗu ne a ajin, kuma kowanne ya yarda da shi fiye da kakansa.

Ya yi tunanin ya gyara a aji, ƙofa a rufe. Amma a gaban iyaye ya yi ɓarnar. Ran Litinin ya sake jingina wayar, ya tsaya ƙyam.

"Iyaye da yara, ni Darsono na yi kuskure. Kalmar manya na ɗora wa kaina. Duk yaron da kakansa ya gyara masa, kakan ne da gaskiya."

Ya saurara sau biyu kafin ya tura. Bu Ratri ta leƙo ta ce ta gani, kuma tana jiran na gaba ran Alhamis. Ya ce to, kansa a ƙasa. Da zai tafi gida bai bi ta kasuwa ba, ya tura kekensa ta bayan gonakin shinkafa, wayar tana ta ƙara a aljihunsa, bai duba ba.